Filin Tambaya da Amsa: Philip Glass da Kiɗan Fiyano Biyu

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙun masu karatu da suka zo a kan batu ɗaya, wato kiɗan da Ba'amurken nan Philip Glass ya rubuta domin a kaɗa shi da fiyano biyu a lokaci guda, da kuma faya-fayan da aka naɗa na wannan kiɗa. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ci karo da wani bidiyo a intanet inda wasu mata biyu ke zaune suna fuskantar juna, kowacce da nata fiyano, an kuma rubuta cewa kiɗan na Philip Glass ne. Wane ne wannan mutum, kuma mene ne amfanin fiyano biyu, alhali na sha ganin mutum biyu sun zauna a kan fiyano ɗaya sun kaɗa tare? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An haifi Philip Glass a birnin Baltimore na Amurka ranar 31 ga Janairu, 1937, mahaifinsa kuma yana da kantin sayar da faya-fayai, inda yaron ya taso yana sauraron kiɗan da bai samu kasuwa ba, domin uban yakan kawo irin waɗannan faya-fayai gida ya ji dalilin da ya sa masu saye suka guje su. Ya karanta lissafi da falsafa a Jami'ar Chicago, ya wuce makarantar kiɗa ta Juilliard a New York, sannan daga 1964 zuwa 1966 ya zauna a Paris yana ɗaukar darasi a wurin Nadia Boulanger, malamar da manyan marubuta kiɗa da yawa na Amurka suka ratsa ta hannunta. Ko bayan da wasansa na waƙa mai suna Einstein on the Beach ya yi tashe a 1976, bai daina tuƙin tasi da gyaran famfo a New York ba sai da ya haura shekara 40, domin a lokacin sunan da ya yi bai kai ga ciyar da shi ba.

Game da fiyano biyu kuwa, bambancin da ke tsakaninsa da zaman mutum biyu a kan fiyano ɗaya ba ƙarami ba ne. Fiyano yana da maɓallai 88. Idan mutum biyu suka zauna a kan ɗaya, dole su raba su, na dama ya riƙe sautuka masu tashi, na hagu ya riƙe masu kauri, feda kuma ɗaya ne a cikinsu zai taka ta a madadin duka biyun. Idan kowa yana da nasa fiyano, kowa yana da maɓallai 88 cif da fedarsa, kuma za su iya buga sauti ɗaya tak a wuri ɗaya amma da bugu daban-daban, abin da ba zai taɓa yiwuwa a fiyano ɗaya ba tun da yatsu biyu ba sa danna maɓalli ɗaya a lokuta biyu masu cin karo da juna. Wannan damar ce Glass yake nema, domin kiɗansa ya dogara ne a kan jera bugu iri biyu ko uku a kan juna a cikin sautuka masu kusanci. Tun a 1968 ya rubuta wani kiɗa na fiyano biyu mai suna In Again Out Again, amma ayyukan da aka fi sani a yau sun zo ne a tsufansa: Four Movements for Two Pianos, wato kiɗa mai kashi huɗu, na 2008, da kiɗan fiyano biyu tare da babbar ƙungiyar makaɗa na 2015. Matan da ka gani, bisa ga yadda ka kwatanta su, da alama 'yan'uwan nan ne Faransawa, Katia da Marielle Labèque, waɗanda za mu yi maganarsu a ƙasa.

Tambaya: Na saurari Four Movements for Two Pianos har ƙarshe bisa shawarar wani abokina, amma ni dai abin da na ji shi ne abu ɗaya ana ta maimaitawa. Anya wannan ba ƙarancin basira ba ne aka lulluɓe da suna? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Ba kai kaɗai ne ka taɓa faɗin haka ba, domin masu sharhi a jaridun Amurka da Turai sun shafe shekaru suna yi wa Glass wannan zargi, kuma a gaskiya a cikin ɗimbin ayyukansa akwai waɗanda zargin ya hau kansu. Sai dai a ganina Four Movements ba ya cikinsu, kuma abin da ya sa kunnenka ya ji abu ɗaya shi ne ka sa shi neman canji a inda kiɗan Turai na da yake ajiye canjinsa, wato a cikin doguwar karin waƙa mai farko da tsakiya da ƙarshe. Glass yana ajiye nasa canjin ne a cikin ƙidayar bugu.

Asalin wannan hanya yana komawa ga zamansa na Paris, lokacin da aka ɗauke shi aikin rubuta kiɗan Ravi Shankar, shahararren makaɗin sitar na Indiya, a cikin alamomin rubutun kiɗa na Turai domin makaɗan Faransa su iya kaɗa shi a wani fim. A nan ya lura cewa makaɗan Turai suna ɗaukar lokaci su yanyanka shi gida-gida daidai wa daida, su kuwa makaɗan Indiya suna farawa ne da ƙananan bugu, biyu ko uku, su yi ta ɗora su a kan juna har su gina dogon zagaye. Daga nan ya fito da dabararsa: a ɗauki ɗan gajeren jerin sautuka, a ce guda huɗu, a maimaita shi har kunne ya saba, sai a ƙara sauti ɗaya ya zama biyar, sai shida, sai a rage ya koma biyar. Sautukan ba su canza ba, amma wurin da nauyin bugun yake faɗawa ya gusa, kuma wannan gusawar ita ce abin saurare.

A fiyano biyu abin yana ƙara zurfi, domin sau da yawa makaɗi ɗaya yana raba lokaci gida biyu ko huɗu yayin da ɗayan yake raba wannan lokacin dai gida uku ko shida. Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san cewa daɗin abin ba ya cikin taɓarya ko ɗaya ita kaɗai, yana fitowa ne daga yadda bugun wannan ke faɗawa cikin tazarar da waccan ta bari. Haka kiɗan nan yake, kuma idan ka saurari fiyano ɗaya kawai daga cikin biyun za ka ji abin da ka ce ka ji, wato maimaici. Shawarata ita ce ka sake sauraron kashi na farko kaɗai, ka bi sautuka masu kauri na ƙasa da kunnenka ka ƙyale sauran, ka ƙirga sau nawa suke zagayawa kafin su sauya. A karo na biyu ka bi na sama. Sai a karo na uku ka saki kunnenka ya ji su a haɗe. Duka kashi huɗun ba su wuce kimanin minti 25 ba, kashi na biyu kuma yana tafiya a hankali da laushi, saboda haka shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga ga wanda bai saba ba. Idan bayan wannan duka bai yi maka ba, to babu laifi, akwai ƙwararrun makaɗa da har gobe ba sa son Glass.

Tambaya: Ina so in fara sauraron wannan kiɗa yadda ya kamata, amma na tarar da sunaye da yawa a dandalin sauraron kiɗa. Wane faifai ya fi dacewa in fara da shi, kuma duk abin da aka rubuta sunan Glass a kai shi ne ya rubuta shi domin fiyano biyu? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kaduna.

Amsa: Malama, rabin tambayarki na biyu shi ya fi muhimmanci, don haka da shi za mu fara. Abin da ake kaɗawa da fiyano biyu da sunan Glass ya kasu gida biyu. Akwai wanda shi da kansa ya zauna ya rubuta domin fiyano biyu tun daga tushe, kamar ayyukan 2008 da 2015 da muka ambata. Akwai kuma wanda ya rubuta domin mawaƙa da wasu kayan kiɗa, daga baya aka juya shi zuwa fiyano biyu da yardarsa. Mafi shahara a kashi na biyu su ne waɗanda aka ciro daga wasanninsa na waƙa guda uku da ya gina a kan ayyukan marubucin Faransa Jean Cocteau: Orphée na 1993, La Belle et la Bête na 1994, da Les Enfants Terribles na 1996. Wanda ya juya su domin 'yan'uwa Labèque shi ne Michael Riesman, wanda ya shafe shekaru tun cikin shekarun 1970 yana jagorantar ƙungiyar makaɗan Glass, kuma da wuya a samu wanda ya fi shi sanin hannun maigidansa. Juyin Les Enfants Terribles ya fi sauran zama daram, kuma dalilin a fili yake: tun asali Glass ya rubuta rakiyar wannan wasa domin fiyano uku ne, saboda haka ba a yi wa kiɗan wata doguwar tiyata ba kafin ya shiga hannuwa huɗu.

Masu kaɗa wannan kiɗa da suka fi cancanta ki sani rukuni biyu ne. Na farko su ne Dennis Russell Davies da matarsa Maki Namekawa. Davies Ba'amurke ne, an haife shi a 1944, makaɗin fiyano ne kuma jagoran makaɗa wanda ya fara gabatar da yawancin manyan ayyukan Glass na ƙungiyar makaɗa, ya kuma jagoranci ƙungiyar Bruckner ta birnin Linz a Ostiriya daga 2002 zuwa 2017. Namekawa 'yar Japan ce, ita ce kuma ta naɗi duka darussan fiyano 20 na Glass a faifan da ya fito a 2014. Su biyun ne suka fara kaɗa Four Movements a bainar jama'a a 2008, a bikin fiyano na yankin Ruhr a Jamus, bikin da ya ba Glass aikin rubuta shi. Suna kuma da faifai mai suna Music 4 Hands a kamfanin Orange Mountain Music, kamfanin da ke fitar da ayyukan Glass, inda suka haɗa wasu sassa shida na Les Enfants Terribles da Piano Phase na Steve Reich, wani marubucin kiɗa Ba'amurke.

Rukuni na biyu su ne Katia da Marielle Labèque, waɗanda aka haifa a Bayonne a kudu maso yammacin Faransa, Katia a 1950, Marielle a 1952. Mahaifiyarsu, 'yar Italiya, ita ce malamarsu ta farko. Sun fi shekara 50 suna kaɗawa tare, tun suna 'yan mata suka naɗi Visions de l'Amen na Olivier Messiaen a ƙarƙashin kulawar marubucin da kansa, kuma faifansu na 1980 na kiɗan Ba'amurken nan Gershwin ya sayu fiye da kwafi rabin miliyan. Sun naɗi Four Movements a cikin tarin da suka kira Minimalist Dream House a 2013, kuma a wannan shekarar suka haɗu da Davies da Namekawa a bikin Ruhr domin kaɗa wani aiki da Glass ya rubuta na fiyano huɗu. Domin 'yan'uwa Labèque ne Glass ya rubuta kiɗan fiyano biyu da ƙungiyar makaɗa, suka fara gabatar da shi a Mayun 2015 a zauren Walt Disney da ke Los Angeles, Gustavo Dudamel yana jagoranci. A irin wannan kiɗa al'adar Turai ita ce makaɗin fiyano ya yi ta ja-in-ja da ƙungiya kamar jarumi a fagen fama, Glass kuwa ya sa ƙungiyar ta zama ƙarin faɗi da launi ga fiyano biyun, abin da ya sa wasu masu sauraro suka ga kamar aikin bai da zafi. Faifansu na Les Enfants Terribles ya fito a kamfanin Deutsche Grammophon a 2020, na duka wasannin Cocteau uku kuma a 2024.

To, da wanne za ki fara? A kunnena, Davies da Namekawa suna kaɗawa ne da tsari da kamewa, bugunsu a miƙe, ba sa yawan ja ko sassauta lokaci, saboda haka ginin kiɗan yana fitowa sarai, kina jin inda aka ƙara sauti da inda aka rage. 'Yan'uwa Labèque sun fi ba kiɗan jini a jika: suna faɗaɗa tazarar da ke tsakanin amo mai ƙarfi da mai laushi, suna barin layin waƙa ya numfasa, kuma a hannunsu ana jin kusancin Glass da tsofaffin marubuta irin su Schubert da Ravel. Akwai masu ganin cewa wannan ƙawa tana ɗan rufe ƙashin bayan kiɗan, ni ma a wasu wurare na kashi na ƙarshe na Four Movements nakan ji haka. Duk da wannan, ga mai farawa ina ba da shawarar faifan Labèque na 2020, domin sassansa gajeru ne, kowanne da yanayinsa, kuma asalinsu na waƙa ya bar musu karin da kunne ke iya riƙewa. Bayan shi sai ki nemi Four Movements a hannun rukunin biyu, ki saurare su ɗaya bayan ɗaya a zama guda. Babu darasin da zai nuna miki cewa rubutu ɗaya yana iya haifar da kiɗa biyu kamar wannan gwaji.

Tambaya: Shin akwai bambanci tsakanin jin wannan kiɗa a faifai da ganinsa a zaure? Kuma me ya sa ban taɓa jin an yi irin wannan wasa a ƙasarmu ba? Daga wani makaɗin coci a Jos.

Amsa: Akwai bambanci sosai, kuma ka fi kowa kusa da fahimtarsa tun da hannunka ya san maɓalli. Sautin fiyano yana fitowa ne daga guduma da ke bugun waya, wato farkonsa kaifi gare shi, ba kamar goge ko sarewa ba da sautinsu ke shigowa a hankali. Idan masu goge biyu suka saɓa da ɗan ƙanƙanen lokaci kunne ba ya kamawa, amma idan masu fiyano biyu suka saɓa da ƙiftawar ido kowa a zauren zai ji bugu biyu a maimakon ɗaya. Ga shi kuma babban fiyano na zaure yana kai tsawon santimita 274, ana jera biyun kai da ƙafa, lanƙwasar ɗaya ta shige ta ɗayan, galibi a cire murfin guda, sai makaɗan su kasance nesa da juna, kowa yana ganin fuskar ɗan'uwansa amma ba ya ganin hannunsa. Da kai da ido da numfashi suke ba juna alama. A kiɗan Glass wahalar ta ninka, domin layuka suna kama da juna ƙwarai, wanda ya ɓata ƙidaya sau ɗaya zai yi wuya ya gane inda zai koma. Wannan ne ya sa fitattun masu fiyano biyu galibi 'yan'uwa ne ko ma'aurata, mutanen da suka shekara da shekaru suna atisaye a ɗaki ɗaya.

A zaure sautin fiyano biyun yana cakuɗewa kafin ya iso ga mai sauraro, sai ido ya taimaka wa kunne wajen gane wa ya kaɗa me, kuma ana jin haɗarin da makaɗan ke ciki. A faifai kuwa, masu naɗi sukan karkata fiyano ɗaya zuwa hagu ɗaya zuwa dama, su kuma gyara kurakurai, don haka faifai ya fi zaure bayyana saƙar kiɗan amma ya rasa fargabar. Amfanin wannan rabon hagu da dama yana ɓacewa gaba ɗaya idan aka saurara ta ƙaramar lasifikar waya, wadda ke haɗe komai wuri guda ta kuma yanke sautuka masu kauri, saboda haka a sa iyafis a kunne biyu. Wasu wasannin ma suna da abin da faifai ba zai iya ɗauka ba ko kaɗan: lokacin da 'yan'uwa Labèque suka gabatar da wasannin Cocteau uku a Paris a 2024, an rataye wata babbar fitila ta musamman a saman fiyano biyun, aka kuma saki ƙamshin turare da Francis Kurkdjian ya haɗa domin wasan. Ni dai ina ganin kiɗan ba ya buƙatar turare, amma waɗanda suka shirya sun san 'yan kallonsu.

Dalilin ƙarancin irin wannan wasa a wurinmu na kayan aiki ne kafin ya zama na sha'awa. Ana buƙatar manyan fiyano biyu masu kama da juna a zaure ɗaya, kowanne nauyinsa ya kusa rabin tan, da wayoyi kimanin 230 a cikinsa, da gwanin saiti da zai daidaita su duka har su yi amo ɗaya. Katakon fiyano yana son danshin iska matsakaici marar yawan sauyawa, mu kuwa muna tashi daga damina zuwa hunturu, sai katako ya kumbura ya kuma tsuke, saiti ya gudu. A Najeriya inda aka fi sa ran jin kiɗan fiyano na zaure shi ne cibiyar MUSON da ke Onikan a Legas. Amma idan kai da wani abokin aikinka kuna son gwadawa, fiyano biyu na lantarki masu maɓallai 88 masu nauyi sun isa, kuma ba za ku saɓa wa ruhin kiɗan ba, domin ƙungiyar Glass kanta da kayan lantarki ta yi suna.

Tambaya: Da na ji wannan kiɗa sai ya tuna mini da kiɗan gangunanmu. Ko Glass daga Afirka ya ɗauko salonsa? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Kamar da ka ji gaskiya ce, domin ɗora bugu uku a kan biyu da kuma zagaye mai maimaituwa ginshiƙai ne a kiɗan Afirka ta Yamma, amma tushen salon Glass Indiya ne, kamar yadda muka bayyana a sama. Alaƙarsa da Afirka ta zo daga baya, ta hanyar Foday Musa Suso, makaɗin kora (wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa) ɗan Gambiya, wanda suka yi aiki tare a kiɗan fim ɗin Powaqqatsi na 1988 da kuma kiɗan wasan kwaikwayon The Screens a 1989. Wanda ya taka ƙafa ya zo koyon kiɗa shi ne tsaransa Steve Reich, da ya je Jami'ar Ghana a 1970 ya ɗauki darasin gangunan ƙabilar Ewe a wurin Gideon Alorwoyie. Ko shi ma ya riga ya rubuta Piano Phase tun 1967, inda masu fiyano biyu ke kaɗa jerin sautuka 12 iri ɗaya, ɗayansu ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya wuce ɗan'uwansa da sauti ɗaya, don haka tafiyar Ghana ta ƙarfafa masa hanyar da ya riga ya kama ne. Idan abin da kake nema shi ne fiyano da ke magana da harshen ganga daga hannun 'yan Afirka, ka nemi ayyukan Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, da na Joshua Uzoigwe, musamman Talking Drums. Dukansu 'yan Najeriya ne, kuma mafi yawan abin da suka rubuta a wannan fanni na fiyano ɗaya ne.